Kwandon da ba nawa ba

Kafin in ce komai, wadda ta aiko da saƙo wancan karon tana cewa wai mace mai jikoki ba ta da abin riƙewa sai carbi, na ji, na gode. Allah Ya kai ki shekaruna da haƙoranki a baki, sai mu sake magana. Ni ban yi boko ba, ƙawata Mai kitso ce ke rubuta muku wannan, na kuma ce mata ko tsaki na ja ta rubuta, kada ta gyara min baki.

Ga waɗanda yau suka fara bina: mijina ya daɗe da rasuwa. Ina zaune a gidan 'yata Auta, ma'aikaciyar jinya ce, mijinta yana aiki can nesa, ganinsa sai an dace. Ni ke rainon yaranta, babbar tana makaranta, ƙaramin yana rarrafe. Sai kuma Mai agogo. Dattijo ne, shi ma matarsa ta rasu, yana da ɗan shago a bakin titi. Agogon bangon falonmu na kai masa, ya gyara, ya ce in dawo bayan kwana biyu ya duba ko yana tafiya daidai. Na dawo ban ɗauko agogon ba. Shi ma bai tambayi inda yake ba.

Na taɓa bugun cikin Auta. Muna ninke wanki na ce, "Kin ji wance ta tsohuwar unguwarmu ta yi aure?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Da tsufanta? 'Ya'yanta ba su da zuciya ne?"

Na ci gaba da ninke wankina.

Shi ya sa muka mayar da babban kantin nan wurin haɗuwarmu, ranar da Auta ba ta da aiki, ta riƙe yaranta ni in fita sayayya. Kada ku zaci hira muke tsayawa yi kamar yaran zamani. Kowa da kwandonsa yake shiga. Ni in cika nawa da abin da namiji mai zaman kaɗaici ke buƙata bai sani ba: safa, reza, ganyen shayi, sabulun wanki, don in an bar shi da man goge baki zai wanke riga. Shi kuma ya cika nasa da abin da ba zan taɓa saya wa kaina ba: man shafawa mai ƙamshi, turare, wata rana har madubi ɗan na jaka. Can layin sabulu, a ƙurya, sai mu ajiye kwandunan kusa da juna kamar muna duba kaya. In mun tashi, kowa ya ɗauki na ɗan'uwansa.

"Ranki ya daɗe," zai ce ƙasa-ƙasa, idonsa a kan sabulu.

"Ka rage shan sukari," in ce.

Iyakar zancenmu ke nan, sauran sai a saƙon murya. Amma in na koma ɗakina na rufe ƙofa na zazzage ledar a kan gado, wallahi ko amarya ba ta kai ni rawar kai ba. Yarinyar da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa, wata mai wushirya, ta daɗe da ganewa. Sai dai ta yi murmushi ta ce, "Mama, wannan turaren ya san inda ya dosa." Ba ta taɓa ƙarawa a kan haka ba.

Kwatsam masu kantin suka sallami yaran da ke karɓar kuɗi, suka jera na'urori. Kowacce doguwa ce kamar firji, fuskarta gilashi irin na talabijin, da faranti a gabanta, da ido a samanta. Rufin kantin ma duk an manna masa ƙananan idanu baƙaƙe kamar buzuzu. Ka ɗora kwando a farantin, ta kalla, ta lissafo maka sunan komai da muryar wata yarinya, sannan zoben haske kore ya nuna maka inda za ka sa katinka. Farkon ganina da ita madarar yaro na je saya ni kaɗai, kuma gaskiya ta burge ni. Babu karatu, haske kawai za ka bi. Har na ce ashe akwai wanda ya san da zaman irinmu a duniya. Ashe kura na yi wa kirari.

Ranar haɗuwarmu na saka doguwar rigata shuɗiya mai aiki a bakin hannu, na yafa mayafi ruwan toka, na ɗan ɗiga turarensa a bayan kunne. Ina neman takalmi sai ga Auta da jaka a kafaɗa.

"Mama, yau zan raka ki. Na kai yaran gidan maƙwabciya."

"Raka ni? Ɓata nake yi a hanya?"

"Haba Mama, laifi ne 'ya ta bi uwarta?"

A motar haya cinyarta na jikin tawa, wayata na cikin jaka tana min nauyi kamar dutse, babu halin in aika wa Mai agogo ya zauna a shagonsa. Da muka shiga ta ce bari ta duba kunzugun yaro. Na ce alhamdulillahi. Na wawuri safa da reza da shayi, na nufi layin sabulu kamar ana kora ta. Yana nan, farar rigarsa ta sha guga, tabarau rataye a wuya.

"Auta na nan," na ce.

Ya kamata kowa ya kama gabansa da kwandonsa. Amma hannu in ya saba, ba ya jiran shawarar kai. Kafin mu yi tunani har mun musanya.

Na iske Auta a gaban na'ura tana jirana. Na ɗora kwandon. Zoben da na sani kore sai ya rikiɗe ya zama ja.

"Ki yi haƙuri," in ji muryar, da ƙarfi kamar mai shela. "Wannan kwandon ba shi kika shigo da shi ba. Ba ke kika ɗauki kayan da ke ciki ba."

Na ce, "Ke da wa?"

Sai gilashin ya kawo hoto, an ɗauko daga sama. Ga kwanduna biyu a ƙasa. Ga hannuna da aikin bakin rigata. Ga nasa da agogonsa mai baƙar fata. Ga su suna giftawa. Ta nuna, ta maimaita, ta sake maimaitawa, kamar wanda bai gani ba ya matso.

"Ki bi hasken ƙasa, zai kai ki wurin mai kwandon."

Jama'a, ƙasa ta kama da wuta. Wasu kibiyoyi koraye suka kunnu tun daga bakin takalmina, suka bi ta gaban madara, suka kewaye tulin ruwan roba, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, mutane na ɗage ƙafa suna bin su da ido, har na'urar ƙarshe. Suka tsaya cak a kan takalmin Mai agogo. Yana riƙe da kwandona, safa na leƙowa.

Auta ta sa hannu a kwandon da ke gabana. Ta ɗago turare, ta ajiye. Ta ɗago 'yan kunne masu ɗan dutse shuɗi.

"Mama, kin san shi ne?"

Ni take tambaya, amma shi take kallo.

Na buɗe baki. Allah shaida ne zan faɗa, in ta fashe ta fashe. Sai muryarsa ta riga tawa, daga can ƙarshen layi.

"Ban san ta ba. Ni na ɗauke mata kwando."

Mai gadi ya riga ya ƙaraso, wani ƙato da sanda a ƙugu. "Kuskure ne, Baba, ko da gangan?"

Mai agogo ya kawar da kai.

"Da furfurarka? Ai mun san irinku. Ku bi tsofaffin mata, ku ga sun jefa jaka a kwando, ku musanya ku wuce." Ya danna wani abu a jikin na'urar, ya kama shi ta hannun riga. Wasu 'yan mata suka ɗaga waya suna ɗauka. Igiyar tabaraunsa ta tsinke, ya durƙusa yana lalube a ƙasa, mai gadi na tsaye a kansa.

Ni kuwa, ni da ake cewa bakina ya fi reza, ina tsaye kamar an dasa ni. Ku gaya min, namiji ya ce bai san ki ba a gaban duniya, me za ki ce? Ki bi shi kina "ka san ni, ka san ni"?

A hanyar gida Auta ta ce, "Allah Ya tsare ki, Mama. Kin ga amfanin na'ura." Daga nan farcenta kawai take ci tana kallon taga.

Ina shiga ɗaki na danna masa saƙon murya. "Ba ka san ni ba? Safar da ke ƙafarka wa ya zaɓa? Kai, ashe haka kake?" Na ga alamar ta yi shuɗi, ya saurara. Shiru. Na sake aikawa, wannan karon a hankali: "Sun ji maka ciwo? Tabaran ya fashe?" Shuɗi. Shiru.

Sai washegari saƙo ya shigo. Na kai kunne. Babu magana a ciki. Agogunan shagonsa ne kawai, ƙas-ƙas-ƙas, sai numfashi mai nauyi, sai ya yanke. Na kai wa Mai kitso muka saurara har kunnenmu ya yi zafi. Ita ta ce kuka yake haɗiyewa. Na ce ƙila zama ya yi a kan wayar. Ta ce rufa min asiri ya yi a kantin, irin mazan da suka ƙare. Na ce in rufin asiri ne me ya hana shi cewa kuskure ne, kowa ya ɗauki kwandonsa? Ta ce ƙila kunyata yake ji. Na ce kunyar me, kuturwa ce ni? Muka rabu kowa kansa a ɗaure.

Abin da ya tayar da ni tsaye, telan da ke maƙwabtaka da shagonsa ne ya gaya wa Mai kitso. Hoton da 'yan matan nan suka ɗauka ya zaga wayoyi. Mutane sun fara zuwa karɓar agogunansu, gyararre da wanda ba a gyara ba. Mai gyaran agogo me yake ci in ba amana ba? Mutum ya cire abin hannunsa na gadon ubansa ya bar maka ya tafi. Wai kuma Mai agogo ya koma kantin don ya ba da haƙuri, ƙofar gilashin ta gan shi ta yi ja, ta ƙi buɗewa, yara na dariya.

Na ce a'a. Fushina da shi daban, wannan daban. Ranar Auta aikin yamma gare ta, don haka da hantsi na ci ɗamara da mayafi na fita.

Mai gadin na fara tara. "Kai, ina mai kantin nan?"

"Mama, in ƙorafi ne ki gaya wa na'ura, tana ji."

To. Na je gabanta, ita dai wadda ta yi min.

"Ke, marar kunya. Wa ya aike ki?"

"Barka da zuwa. Ki ɗora kwandonki a kan farantin."

"Ba sayayya na zo ba, shari'a na zo. Mutumin da kika sa aka kora, ki janye."

"Ban ga kwando ba. Ki ɗora kwandonki a kan farantin."

Na dangwara mata jakata.

"Ban gane wannan kayan ba."

"Yau kuma ba ki gane ba? Ran nan har zaren rigata kika gane!"

Na buga tafin hannu a farantin. Ta ce in janye hannuna. Ko sautin muryarta bai canza ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Faɗa da wanda ba ya fushi ai dukan ruwa ne. Na cire takalmi na ɗaga, sai ga wani yaro da ɗamarar wuya ya taho a guje, wai shi ne manaja.

"Mama! Mama, don Allah, gilashi ne!"

Ya kai ni wani ɗan ofis, ya ba ni kujera da ruwa. Na zayyana masa komai, har layin sabulu, ban rage ba. Ina gani yana cije leɓe kada ya yi dariya.

"Ka yi abarka, ɗan nan, kada ta shaƙe ka."

"Ba haka ba ne, Mama. Ita na'urar ba ta san ki ba, ba ta san shi ba. Kaya take bi. Daga inda aka jera su zuwa hannu, daga hannu zuwa kwando, daga kwando zuwa ƙofa. In kwando ya canza hannu sai ta ɗauka ɓata ya yi, ta nuna hanya a mayar. Taimako ta yi niyya. Kuma ai ba ta yi ƙarya ba."

"Na ce maka ta yi ƙarya? Cewa na yi ba ta da tarbiyya. Yarinyar da kuka sallama ita ma tana da ido, ta taɓa kunna mana fitila a ƙasa?"

Ya sosa ƙeya.

"Yanzu dai ka goge sunansa."

"Ba suna ba ne, Mama, fuska ce. Kuma ni kaɗai ba zan iya ba. Da bakinsa ya ce bai san ki ba, an riga an shigar da haka. Sai kun zo ku biyu kun tsaya a gabanta, kun tabbatar tare kuke, sannan in sa hannu ta sake shi. Ni zan buɗe masa ƙofa da kaina." Ya ɗago ya kalle ni. "In an tambaya, mene ne shi a wurinki?"

Kun san ban taɓa rasa amsa ba tun ina yarinya. Miji? Ba a kai nan ba. Saurayi? Da wannan furfurar? Ɗan'uwa? Allah Ya kiyaye.

"Shi ne... mai gyara mana agogo."

"To, Mama," ya ce, yana kallon silin.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai shagon. Rabona da shi tun ina zuwa duba agogon da ban ɗauko ba. Bangon da na sani cike, yau ƙusoshi ne tsirara, sai 'yan agogunan da masu su suka manta da su. Yana zaune da gilashin nan na ido ɗaya a maƙale, babu komai a teburin gabansa. Tabaransa na gefe, an ɗaure da zare.

Ya miƙe har kujera na faɗuwa. "Ranki ya..."

"Riƙe abinka. Baiwar Allah ce da ba ka sani ba ta zo wucewa."

Ya sunkuyar da kai.

"Rufe shagon. Manaja ya ce mu je mu tsaya gaban abar nan mu ce tare muke, a wanke ka."

"Ba zan iya ba."

"Ƙafar ce?"

"Ba ƙafa ba ce."

"To kunyata kake ji. Faɗa min in ji da kunnena, in tafi, wallahi ko a lahira ka gan ni ka canza layi."

Ya cire gilashin idon ya ajiye a hankali. Ya jawo min benci, na ƙi zama.

"Nan ta zauna," ya ce. "A kan bencin nan."

"Wa?"

"'Yarki."

Na zauna ban sani ba.

"Tun kafin a kawo na'urorin nan. Ta ce ƙamshin ɗakinki ya canza, sai ta biyo ki wata rana ta gan mu. Ba rashin kunya ta yi min ba, da shi ta yi da ya fi min sauƙi. Durƙusawa ta yi, tana Baba, Baba. Ta ce mijinta ya gindaya mata, ranar da kika bar gidan, ranar za ta ajiye aiki, don ba zai yarda bare ya riƙe masa yara ba. Ta ce aikin nan ke kika sayar da abin wuyanki ta yi karatunsa. Ta yi kuka har ta jiƙa min gwiwa. Na ce mata na bari."

"Ka bari."

"Na ce na bari. Ranar na zagayowa sai na ga ƙafata ta kai ni layin sabulu. A ɓoye na yi ta saɓa mata. Amma ran nan da ta tsare ni da ido, ga jama'a, ga haske a ƙafata..." Ya girgiza kai. "In na ce kuskure ne, ta san ƙarya ne, ga 'yan kunne a hannunta. Gara ta ga an fitar da ni, hankalinta ya kwanta."

"Sai ka zaɓi zama ɓarawo?"

"Ban san zai kai haka ba."

"Ni fa? Ni kwando ce da za ku zauna ku biyu ku yanke hannun da zan bi?"

Ya ce, "In ta sake ni daga alkawarin, zan tsaya gaban na'ura. Gaban kowa ma zan tsaya. In ba ta sake ni ba, a bar ni a ɓarawon."

Na fito ban yi masa sallama ba. Na tafi da ƙafa, mota na tsayawa ina wucewa. Na fito daga gida da safe da abokiyar faɗa guda, mai fuskar gilashi. Yanzu ban san wa zan kama ba. Ita da ta faɗi gaskiya inda ba a tambaye ta ba? Shi da ya yi ƙarya don kada ya karya alkawari? Ko wadda na haifa, da ta san amsa ta tsaya tana tambayata a gaban mutane? Kuma abin haushin, duk inda na juya sai in hango ta durƙushe a ƙasan shagon nan mai ƙura, sai fushin ya rasa wurin zama.

Na tura ƙofar gida. Auta na tsakiyar falo cikin fararen kayan aiki, jaka a kafaɗa, ƙaramin a hannu, tana neman mukulli da ɗayan.

"Mama, ina kika shiga? Na yi ta kira. Madararsa na kan tebur, babbar a ɗauko ta in an tashi. Ungo shi, motar asibiti ta iso."

Ta miƙo min shi. Yaron ya gan ni ya washe 'yan haƙoransa, ya ware hannuwa, har ya sako jikinsa gaba. Tun ranar da aka haife shi ba a taɓa miƙo min shi sau biyu ba.

Na mayar da hannuwana baya na harɗe su.

"Mama?"

"Daga shagon Mai agogo nake."

Jakar ta zame daga kafaɗarta ta faɗi ƙasa. A waje direba ya danna ƙaho, ya sake dannawa. Yaron na tsakaninmu a sama, yana ta miƙo hannu, ita ba ta janye shi ba, ni ban karɓa ba.